Muƙamuƙin Baba

Babana mutum ne mai magana. In aka ba shi addu'a a coci lokacin sujada, yara sai su yi barci su farka bai kai ga "Amin" ba. Mama takan ce da a ce da baki ake noma, da tuni ya nome Kagoro har kan dutse. Shi ya sa har yau na kasa manta yadda ya ƙare.

Daga haƙori guda fa abin ya soma. Turmi ne, na can ciki gefen hagu, ya yi rami. Lokacin haƙar citta ne, Baba kuwa ba zai bar gona saboda haƙori ba. Ya cusa kanumfari, ya kurkure da ruwan gishiri, zogi ya ƙi lafawa. Sai wani maƙwabcinmu ya ce ai tsutsa ce ke cin haƙorin, maganinta ruwan batir, a jiƙa auduga a tura cikin ramin ta mutu. A wajenmu kowa ya san wannan magani, kowa yana da wani ɗan'uwa da ya yi ya warke. Waɗanda ba su warke ba, ba a zancensu.

Ina koyarwa a Kafanchan, Mama ta kira ni a waya ta ce in zo. Da na shiga ɗaki, da ƙyar na gane shi. Kunci ya kumbura ya gangaro har ƙarƙashin haɓa, na ɗaga leɓensa na ga dasashi ya ƙone ya yi fari, muƙamuƙi kuwa ya kulle gam. Ranar na yi faɗa kamar zan ari baki. Na wanke maƙwabcin nan tas, na juyo kan Mama ita ma. Baba yana kallona, na san so yake ya tsawata mini, amma ina!

Muka kwashe shi sai asibiti. Likitar, wata matashiya, ba ta ɓoye mana ba. Ta ce ruɓar ta bi saiwar haƙorin ta kama muƙamuƙi, tana neman maƙogwaro, kuma mun zo a makare. Suka tsaga ƙarƙashin haɓar suka fitar da mugunya, aka yi ta allura. Ta ce ranar da yatsu biyu suka shiga tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, to mu sa rai. Mama ta riƙe wannan magana. Kullum da safe sai ta wanke hannu ta gwada. Ko ɗan ƙaramin yatsanta bai taɓa shiga ba.

Yana da tsohon giɓi a gaba, tun wata faɗuwa da ya yi a kan keke. Ta nan Mama ke ɗiga masa kunu, ta tsinka shi ya zama ruwa-ruwa, rabi ya shiga rabi ya bi wuya. Yunwar ma ba ta dame shi kamar maganar ba. Akwai abin da yake son faɗa. Sai ya damƙe hannun Mama ya yi ta gurnani, kana hango harshe yana motsi bayan haƙora, ba abin da ke fitowa sai miyau. Bai yi makaranta ba balle ya rubuta. Muka yi ta cankar abin, gona ce, ƙanina ne, fasto yake so? Ya girgiza kai, hawaye na zuba.

"Bari, Baban yara," in ji Mama. "In bakin ya buɗe ka faɗa. Ina nan."

Ranar wata Lahadi da hantsi ya cika. Ni da Mama da Gwaggo, yayarsa, muna wurin. Numfashi na tsayawa, sai muƙamuƙin nan da ya gagari likita ya saki da kansa, baki ya buɗe.

Gwaggo ta yagi bakin zaninta za ta ɗaure masa haɓa zuwa ka, yadda ake yi wa mamaci kafin jiki ya sandare. Mama ta riƙe mata hannu.

"Yaya, dakata tukuna. Yanzu fa ya buɗe."

Ta sunkuya ta kara kunnenta a bakinsa. Ba wanda ya hana ta. Ta daɗe a haka tana saurare, sannan ta miƙe ta karɓi ƙyallen, ta ɗaure da kanta.