Inoke Ya Roƙi Kunnen Hagu

Akanisi takan tashi tun zakaru ba su gama cara ba. Ran nan ma haka ta yi. Ta sha shayin ganyen lemo da ragowar rogon jiya, ta shafa man kwakwa a gashinta da wuyanta, amma ta kiyaye kunnuwanta. A da ba ta kiyayewa. Sai da iyafis, abin sauraron waya da ake sawa a kunne, ya yi ta sulɓewa yana faɗawa cikin kwandon gwaza, sannan ta gane cewa roba da mai ba sa shiri.

Shekarunta sun haura hamsin. Gwaza da rogo take sayarwa a kasuwar Suva, kuma tana cikin mawaƙan cocinsu na Nausori, a layin mata masu muryar ƙasa. Ba ta iya karanta alamomin waƙa ba, da kunne take koyo, shi ya sa ta sha wahalar iyafis fiye da kowa. Na farko igiyarsa ta tsinke kafin wata ya ƙare. Na biyu ya yi mata girma, in ta cire shi kunnen ya yi ta zugi. Na uku kuwa duk abin da ya shiga cikinsa sai ya fito kamar kukan ƙudan zuma a gwangwani, har danshin teku ya kashe shi, ta huta. Sai bana 'yarta da ke aikin jinya a Brisbane ta aiko mata da marar igiya, guda biyu a ɗan akwati. Yakan zauna daram, ba ya matsa mata, kuma ko direban bas ya ƙure kiɗa tana jin kowace murya tar.

Shugaban mawaƙa, Masta Sakiusa, yakan naɗa musu waƙa a waya, muryar ƙasa a kunnen hagu, ta sama a na dama. A sabuwar waƙar akwai wata gaɓa inda masu muryar ƙasa ke sauka, amma kullum Akanisi sai ta bi masu muryar sama ta hau. Masta ya faɗa mata a gaban kowa cewa in ta sake hawa a gwajin yammacin yau, to ranar Lahadi a benci za ta zauna.

Tana cikin jera gwaza sai ga Inoke ya iso da baronsa. Ɗan kawunta ne, wato taubashinta, abin da su suke kira tavale. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Ya ce gwazar tata ta fi ta tsufa, ta ce gara gwazar, ita tana da mai so. Yana dariya idonsa ya faɗa kan kunnenta, sai ya sassauta murya.

"Kerekere, tavale," in ji shi. "Ni ba mai haɗama ba ne. Ɗaya kawai."

In ɗan'uwa ya furta wannan kalma ta roƙo, hanawa abin kunya ne, balle a tsakiyar kasuwa, maƙwabta na sauraro. Ta miƙa hannu za ta ciro na dama, amma ya riga ta, ya tsince na hagu da yatsunsa masu ƙasa, ya cusa a kunnensa, ya tura baro ya yi gaba.

Aka bar Akanisi da muryar sama kaɗai, wadda ita ce ainihin mai ɓatar da ita. Ta yi ta dangwarar da rogo kamar shi ya yi mata laifi.

Ba a jima ba sai ga shi ya dawo, fuska a murtuke. Ya ce abin jabu ne, da ya wuce masu kifi ya yi tsit, kuma ya ƙi kama 'yar wayarsa mai maɓallai. Ta bayyana masa, tana haɗiye fushi, cewa abin da wayarta kaɗai yake aiki, in ya yi nisa da ita ya mutu, don haka ya dawo mata da kayanta. Ya ce Allah ya kiyaye ya mayar da kyauta tun rana ba ta faɗi ba, ai ya ci mutuncinta ke nan. Ya jingina baro a gefen rumfarta, ya zauna a kai.

Ya nemi ta sa masa kiɗan rawa, ta ƙi, domin wayar dai bai roƙa ba. Ta maido waƙar cocin farko, ta ƙare ta sake maidowa.

"Wai wannan matar rasuwa aka yi mata?" ya tambaya, yana nufin mai rera waƙar a kunnensa.

"Matar Masta ce. Ka yi shiru, ko ka ba ni abina."

Bai yi ko ɗaya ba. Kafin tsakar rana ya fara bin waƙar da muryarsa mai kama da kukan bijimi. Masu saye suka riƙa tsayawa suna dariya, wata ma ta tambayi Akanisi ko ciwon ciki yake yi. Ita kuwa ga muryar sama a kunnen dama, ga gurnanin Inoke a na hagu, har kanta ya fara sara. Amma duk sa'ad da aka zo gaɓar nan, sai ya rufta ƙasa kamar an tura shi rijiya. Ta ji haushin abin, ta kuma ji shi sarai, sau da yawa fiye da yadda take so.

Da rana ta karkata, Inoke ya lura cewa sauran masu baro sun kwashe masu ba shi dako, ga waƙar ta maƙale masa a ka. Ya ciro iyafis ɗin, ya riƙe shi da hannu biyu.

"Kerekere, tavale," in ji shi. "Karɓi masifarki."

"Da ba roƙona ka yi ba, da na bar ka da ita har Lahadi," ta ce, ta warce.

Lokaci ya riga ya ƙure. Ta kwashe kaya ta kama bas, ba ta ko iya sa abin a kunne ba saboda dattin da ya dawo da shi. A coci, da aka iso gaɓar, ta ji muryarta na neman hawa kamar kullum, sai gurnanin Inoke ya taso mata a ka, ya ja ta ƙasa. Masta ya dube ta ta saman tabarau, ya ce a maimaita. Aka maimaita, ta sake sauka. Da za a tashi ya ce mata ta goge farar rigarta ta waƙar Lahadi, kuma ga amfanin iyafis mai kyau nan kowa ya gani. Ba ta gyara masa ba. In labarin ya kai kunnen Inoke, ta san har ta mutu ba za ta daina jin gori ba.

Da ta isa gida ta zauna a bakin ƙofa, ta karyo tsinke daga tsintsiyar kwakwa. Ta yi ta sakace dattin kunnen Inoke daga 'yar ragar iyafis ɗin tana tsaki, ta wanke robar da sabulu, ta shanya ta a kan gwiwarta. Da ta bushe ta mayar, ta rufe akwatin, ta ƙulle shi a bakin ɗankwalin da za ta ɗaura gobe har ya rufe kunnuwa.