Ciwon da Ayuba Ya Ɓoye a Takalmi

Shekara tara ke nan cif da rasuwar mijina Ayuba. Har yau in ruwa ya ɗauke da la'asar, duwatsun Zuru suka yi kore shar, sai in ga kamar shi ne can yake gangarowa a hankali, galma a kafaɗa, yana ɗingishin nan da ya rantse ba ɗingishi ba ne.

Mutumin da ya yi wa babana noman golmo shekara bakwai kafin a ba shi ni, ya kuma yi soja, ina zai ce wash? Ƙaya ta soke shi a ƙafa a gona, ga ciwon suga. Wata huɗu yana cusa ƙafar cikin takalmin soja yana ɗaurewa tamau. In na yi magana ya ce, "Haba Saratu, ƙaya ce fa, ba harsashi ba." Wari ne ya tona shi. Aka yanke ƙafar, bai tashi ba.

Sai bana da na tambayi 'yarmu Rahila, mai aikin jinya, ta warware mini. Ta ce rauni ba ya warkewa sai jiki ya tsiro da sababbin ƙananan jijiyoyin jini sun ciyar da wurin, suga kuwa yakan hana su tsirowa a ƙafa. Ita kuma sankara, da na tambaye ta, ta ce da kanta take janyo jijiyoyin ta yi ta sha, kamar ƙuduji a saiwar dawa, har akwai maganin da ke toshe mata hanya. Ikon Allah! Da Ayuba na nan, da ya girgiza kai ya ce ashe jiki ma gona ce: nan fari, can ciyawa na shan ruwan shuka.

Rahila ba ta san dalilin tambayata ba. Tun kaka nake jin ƙullutu a nonona na hagu, na ja bakina na yi gum. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Tsoro nake ji, ba na musu.

Ayuba ya bar mini gona da 'ya'ya, na gode. Ya kuma bar mini wannan shirun, shi kam na ga inda ya kai mai shi. Wanda ya ɓoye ciwo, ciwo zai ɓoye shi.

Rahila ba ta fashin karanta wannan shafi da nake rubutu a ciki. Bakina ya kasa, ga shi hannuna ya faɗa. 'Yata, in kin kawo nan, ki zo ki kai ni asibiti.