Buhun da Ba a Ware Ba

Zibrim haifaffen Salaga ne, amma a Bawku ya koyi zubin tukwane, wajen wani tsoho da ba ya koyar da komai sai da zagi. Daga can ya sauko zangon Yendi ya kafa rumfa, shi da ƙanensa Seidu, magidanci mai iyali. Aikinsu narka tsohon alminiyum, su mai da shi sabuwar tukunya. Seidu ke juya ƙafar keken da ke hura gawayi, Zibrim ke zuba narkakken ƙarfen a yashi. Matan unguwa ne ke kawo musu kaya a buhu, kuma ba tsinta suke yi ba, shara suke kwasowa: tsohuwar buta, batir, fasasshiyar kwalba, har ɓawon doya.

A shekarar 1994 rikici ya ci yankin, sojoji suka shigo gari suna binciken gidaje. Wanda ke da abin ɓoyewa sai ya cusa shi inda ido ba ya so, wato cikin shara. Wata safiya Zibrim ya ɗauki wata buta da aka murƙushe bakinta zai jefa a wuta, sai ya ji abu na kaɗawa a ciki. Ya sa kurfi ya tsaga ta. Harsasai ne, sababbi ful. Ya san da sun shiga narkakken ƙarfe, da fuskar duk wanda ke kusa ta tafi.

Buhun da butar ta fito ciki na Mma Azara ne, tsohuwa mai ƙosai, wadda ba ta san komai a kai ba, sai dai ko 'ya'yanta maza. In ya kai wa soja, sun tafi da ita, watakila har da shi. In ya faɗa wa Seidu kuwa, kafin la'asar kasuwa ta ji, don Seidu ba ya iya riƙe ko atishawa. Baki shi ke yanka wuya. Sai ya zuba harsasan a ramin shadda, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Tun daga ranar tsoro bai bar shi ba. Ya shiga bin gidaje yana sallama daga zaure.

"Mma, don Allah ku riƙa warewa. Alminiyum dabam, kwalba dabam, batir dabam, ɓawo a ba awaki. Abin da ke rufe kuma ku buɗe, ba na karɓar abin da ban ga cikinsa ba."

"Masta Zibrim, kai ma ka zama ɗan duba-gari ne?" in ji Mma Azara. "Bola ma sai an yi mishi kwalliya?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya yi alkawarin ludayi ga duk matar da ta kawo kaya a ware, kuma ludayin ya yi abin da wa'azi bai yi ba. Masu man gyaɗa suka fara samun kwalabe a wanke, masu fitila suka samu gwangwanaye, bola ta ragu. Amma wasu gidajen suka ƙi, kuma su ne ke hana shi cin abinci. Duk buhun da ya zo a haɗe sai ya jingine shi bayan rumfa, ya hana kowa taɓawa. Seidu ya ce yayansa ya fara tsufa da tsirfa.

Ana gab da wani biki aka ba su aikin manyan tukwane, ƙarfe kuma ya gaza. Zibrim ya fita neman ƙari a gidajen da ke warewa. Da ya dawo, tun daga bakin lungu ya hango buhun bayan rumfa yashe a ƙasa, babu komai a ciki. Seidu na sunkuye a kan wuta yana kwashe dattin da ya taso.

Ya buɗe baki zai kira sunansa, ƙarar fashewa ta riga shi.

Seidu bai mutu ba. An kai shi asibiti, ya dawo da fuska a naɗe, idanun biyu kuma ba su dawo ba. Babu wanda ya tambayi gidan da buhun ya fito, amma daga makon nan babu matar da ta sake kawo kaya a haɗe, kuma ba wadda ta ƙara neman ludayi.

Adiza, matar Seidu, ita ce ta tare Zibrim a tsakar gida ranar da ya kai musu hatsi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya, da kake bin gidaje kana cewa a buɗe komai, ka san abin da ke ciki?"

Seidu na zaune a tabarma, ya juyo da kunne wajensu.

"Na sani," in ji Zibrim.