Neman Rubutun Baba a Ankara

Akwai abin da na yi shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, wanda har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Da Baba ya rasu a Salaga, garinmu a ƙasar Gwanja, na buɗe adakarsa na tarar gara ta shiga gafakokinsa. A wurinmu, takarda mai sunan Allah in ta lalace ƙona ta ake yi a binne tokar, don kada ƙafa ta taka. Ni kuwa karatuna bai yi nisa ba, allo kaɗan, boko aji huɗu. Ban ware mai kyau da marar kyau ba, na tara duka a bayan gida na cinna wuta, a ganina aikin lada nake yi. Alhali yayata da ke aure a Yendi ta aiko cewa kada a taɓa komai sai ta iso. Ita ce ta yi karatu a gaban Baba. Ita ta san cewa a ciki akwai takardar da ya rubuta da ajami, mai sunayen kakanninmu goma sha ɗaya, tun daga wanda ya baro ƙasar Hausa da ayarin goro. Tun daga ranar, gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da ita.

Bana ciwo ya kwantar da ita, sai ta aiko mini da saƙo Bawku inda nake zaune. Ta ce tana tunawa, tana yarinya, wasu mutane sun zo daga Ankara, babban birnin Gana, suka zauna a zauren Baba suna ɗaukar hoton takardun malamai. In je in duba, ko shafi ɗaya na hannun Baba ta gani kafin ta cika.

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Bawku, ni da wani abokina mai fataucin albasa, wanda ya san Ankara kamar ɗakinsa. Kafin Bolga mun tsaya a shingen sojoji sau da dama, kowa ya sauko ya nuna kati. A Savelugu muka sha koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance har abokina ya ce wa mai tuyar ko da cokalin shayi take zubawa. Daga Tamale muka canja mota zuwa Yendi. Na sami Yaya a kwance, ta rame ƙwarai. Na gaishe ta, ta amsa, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Washegari muka bi ta Bimbilla. Doya tuli-tuli a bakin titi, arha kamar a ce ɗauka kyauta, amma ramukan hanyar sun fanshe arhar daga ƙugunmu. A Salaga na tsaya na ziyarci kabarin Baba. Gidanmu yanzu 'yan haya ne a ciki, zauren ya koma shagon cajin waya. Daga nan muka gangara Makango, muka jira jirgin ruwa mai ɗaukar motoci kusan rabin yini, muna cin soyayyen kifi, kafin ya haye da mu Yeji. Sai Kumasi, sai Ankara. Muka sauka a unguwar Nima, gidan wani ɗan garinmu.

Washegari muka fara neman takardun a gidan tarihi. Ban taɓa shiga gidan tarihi ba sai wannan karon. Na ɗauka ɗakin ajiyar tarkace ne, sai na ga wuri fes, kowane abu da takardar bayaninsa a gefe. Ga kujerun sarakunan Asante, ga kente, zanen saƙinsu mai launi-launi, ga tukwanen ƙasa irin waɗanda mahaifiyata take jiƙa dawa a ciki. Ga sarƙoƙin da aka ɗaure bayi da su. Nan na daɗe a tsaye, don ni ɗan Salaga ne, na san kasuwar garinmu da aka yi wannan ciniki a cikinta. Abokina ya hango wata tsohuwar rigar saƙi cike da layu a cikin gilashi, ya ce kakansa yana da irinta, kaji suka yi ta kwana a kai har ta ruɓe. Ya faɗa yana dariya. Ni ban iya dariyar ba.

Na yi wa wata ma'aikaciya bayanin abin da ya kawo ni. Ba ta jin Hausa, ni kuma Turancina na kasuwa ne, muka haɗu a Asantanci. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce irin takardun da nake nema ba a nan suke ba, suna wani ɗakin ajiya a jami'a. Ta rubuta mini kwatance.

Da yake rana ta yi, abokina ya ja ni wani gidan zane-zane kusa da teku. Wani zanen na gane shi, mata ne ɗauke da tire a kasuwa, har kana jin kamar za su yi maka tayi. Wani kuwa ja da baƙi ne kawai a watse.

“Alhaji, wannan fenti ne ya zube musu, kunya ta hana su faɗa,” in ji abokina.

Mai gadi ya ji, ya juya baya yana dariya. A kasuwar masu sassaƙa da ke kusa na ga jakunkunan fata irin na Bawku, an ninka musu kuɗi har na rasa bakin tambaya. Muka ci dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, da kifi da barkono, muka koma masauki.

Da safe muka hau toroto, ƙaramar motar haya, zuwa jami'ar. Ɗakin da aka ajiye takardun ya fi ɗakin da nake kwana sanyi, kuma sai da muka wanke hannu kafin a bari mu matsa. Wani malami mai haƙuri, yana jin Hausa sosai, ya ɗauko jerin sunayen masu takardun Salaga, muka bi ɗaya bayan ɗaya. Na ga sunan limamin unguwarmu na da. Na ga na maƙwabcinmu da yake ba mu dabino muna yara. Sunan Baba babu, na kakana babu. Muka sake bi daga ƙasa zuwa sama. Malamin ya ce mai yiwuwa Baba masauki kawai ya ba baƙin, bai fito da nasa ba. Wannan kuwa halin Baba ne.

Ya nuna mana shafin maƙwabcin namu, rubutu mai kyau, baƙi da ja. Abokina ya matso kusa da kunnena.

“Ɗauki wannan a waya ka kai mata. Tsohuwa ce, ido ya tafi. Ka bar ta ta tafi da farin ciki mana.”

Ba zan ɓoye ba, na nemi izini na ɗauka. Tun daga Ankara har Tamale ina buɗe hoton ina rufewa.

Mun isa Yendi bayan la'asar. An jingina Yaya da bango, ana ba ta fura. Ko zama ban gama yi ba ta ce, “Auta, ka samo?” Na haura saba'in, amma Auta take ce mini. Wayar tana hannuna, hoton a buɗe. Na dube ta, na mayar da wayar aljihu.

“Ban samo ba, Yaya. Babu shi a can, babu shi a ko'ina. Ni na ƙona, kin ce in jira ban jira ba. Ki yafe mini.”

Can ta ce, “Yau ne ka fara cewa kai ne. Kullum gara kake cewa.” Ta ture kwanon furar. “Kana da biro? To matso, kunnenka ma ba kyau gare shi ba.”

Ta fara daga mahaifin Baba tana hawa sama, ina rubutawa da bokona a bayan takardar kwatancen nan. Ta kawo biyar. A na shida ta tsaya, ta rufe ido, leɓenta na motsi. Muka jira. Ta girgiza kai ta ce ya tafi, wataƙila gobe. Na kwana uku a Yendi, bai dawo ba.

Na koma Bawku da suna biyar, na sa an kwafe wa 'ya'yana kowa nasa. Shida kuwa sun tafi, har da na wanda ya fara kawo mu Gwanja da sunan garin da ya baro. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, a Ankara baƙi suna wanke hannu kafin su taɓa takardar maƙwabcinmu, ni kuwa ɗan cikin gida ban ko buɗe ta ubana ba. Don Allah, duk mai tsohuwar adaka a gida, kada ya kusa da ita da ashana sai ya kira wanda ya iya karanta abin da ke ciki. In kuma babba ya ce ka jira shi, ka jira.