Katangar Kawu a Mahdiya

Duk wanda ya yi nisa a karatu ya san cewa wayewar ɗan Adam a kan abu biyu ta tsaya: igiyar awo da mutumin da ya yarda ya riƙe ɗaya bakin. Ni ne na riƙe wa kawuna, shekara biyu, a tsakar gidan hayarmu da ke unguwar Mahdiya, a birnin Sabha, can ƙasar Larabawa.

Lokacin Sabha na tashi da kuɗin fetur, Kawu ya gina rabin unguwar Gurda, a faɗarsa. Ni malamin makaranta ne daga Damagaram, na biyo shi na ɓuge da rubuta wa leburori wasiƙa. Sai mantuwa ta kama shi. Larabcinsa ne ya fara tafiya, sannan hanyar gida, sannan sunana. Ya koma ce mini Malam, cikin ladabin da ake yi wa baƙo.

Daga baya na karanta cewa a ƙwaƙwalwa akwai sinadaran da ke buga wa saƙo hatimi da waɗanda ke gogewa. In ciwon ya yi nisa, masu bugawa su yi ta bugawa, masu gogewa su yi sanyi, har saƙo ya daina isa. Wanda ya taɓa neman takardar zama a ofis ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Hannunsa dai bai manta ba. Kullum da safe sai ya ɗauki cokalin gini ya nufi titi, ba takarda, ba sanin inda za shi. Sau biyu shurɗa, 'yan sandan can, suka tsince shi. Na uku, aka ce, mota za a saka shi sai iyaka.

Sai na samo bulo arba'in. Ya jera su ba siminti, ina riƙe da igiya, yana faɗan lalacin ma'aikatan zamani. In ya kwanta bayan azahar, sai in rushe, gobe ya sami aiki. Bai ƙara fita ba. Na ɗauki kaina gwanin dabara.

Wata rana ina cikin rushewa na ji shi a bayana.

"Malam," ya ce a hankali, "in za ka sauke, fara daga sama. Riƙe da hannu biyu."

Ya tsaya yana kallo har na gama, ya gyaɗa kai, ya koma ɗaki.

Na ƙirga bulon. Na riga na fasa masa goma sha ɗaya.