Ƙafar da Aka Ɗaure

Ni manomin albasa ne, daga wani ƙauye a gefen Rara. Tun kafin a kama ni mun yi shekaru muna gudu. 'Yan bindiga su shigo, mu watse cikin gero, su tafi, mu dawo mu binne wanda za mu binne, mu koma gona. Har mutum ya saba cin tuwo da takalmi a ƙafa.

Da rana tsaka suka same ni a fadama ina ban ruwa. Suka haɗa ni da wasu, suka kora mu daji. A can aka ɗaure mu bibbiyu da sarƙa, ƙafa da ƙafa. Abokin ɗaurina wani dattijo ne daga wajen Lahodu, Baba nake ce masa. In zai zaga sai na bi shi, in zan juya sai na tashe shi. Yana fama da tari, duk sanda ya yi sai sarƙar ta girgiza a idon sawuna. Dukan da ake mana ba shi da lokaci, ba shi da dalili. Wanda ya miƙo maka ruwa da safe shi zai zane ka da la'asar. Baba yakan ce in zan yi kuka in yi a hankali, kada su samu abin dariya, sannan ya shiga ba ni labarin gonar wakensa har in yi shiru.

Damina ta same mu a can. Wata safiya na farka ban ji tari ba. Na taɓa shi, ya yi sanyi. Mai makullin ya tafi wani sansani, don haka na zauna da Baba a ƙafata har ya dawo. Bai dawo da wuri ba.

Yadda aka yi na fito, 'yan'uwana ne suka sani, ban taɓa tambaya ba. Na tarar ƙauyenmu ya tashi, matata da ɗiyarmu suna Wurno gidan wana. Aka yi ta zuwa barka. Ni ma na ɗauka an gama.

Ranar da na fara zuwa masallaci, liman ya ce a daidaita sahu. Na kusa da ni ya matso ya haɗa ƙafarsa da tawa. Sai warin gawar Baba ya cika mini hanci, gumi ya karyo mini, ban san sanda na tsallake mutane na fita ba. Na sake gwadawa a ƙarshen sahu, jikin bango, bai hana ba. Na koma salla a ɗaki. Unguwa ta fara cewa daji ya cinye mini imani.

Wana ya kira ni zaure. Mutum ne mai haƙuri, shi ke ciyar da mu.

"Allah ya hisshe ka, ga ka da ranka," ya ce. "Mi kaka nema kuma?"

Na ce, "Yaya, ni ma ban sani ba."

Ya kai ni wurin malami, na sha rubutu, aka yi mini hayaƙi. Daga baya matata ta matsa muka je asibiti. Wata ma'aikaciya ta saurare ni ba ta katse ni ba, ta ce ba hauka ba ne, ba aljanu ba, jikin da ya daɗe cikin tsoro ne bai yarda an sake shi ba. Ta koya mini in ja numfashi in ambaci abin da idona ke gani: tabarma, buta, ƙofa. Wani lokaci yana yi. Da na koma, aka ce an mayar da ita wani gari.

Abin da ya fi ci mini rai ɗiyata ce. Ina tsaye tsakar gida ta rugo da wasa ta rungume ƙafata ta hagu, wadda aka ɗaure. Ihun da na yi sai da maƙwabta suka shigo. Ban taɓa ta ba, amma tun ranar daga nesa take gaishe ni, hannunta riƙe da zanen uwarta. Uwar takan ce ƙuruciya ce, za ta manta. Yarinyar ta yi wayo yanzu, ba ta manta ba.

Da rani ya shigo wana ya samo mini aikin dashen albasa a wajen Goronyo. Na je. Hannuna bai manta aikin ba, har na ji daɗin laka. Sai babura suka biyo hanyar gonar, 'yan kasuwa ne kawai da buhuna. Aka tsamo ni cikin magudanar ruwa, na kwanta rubda ciki. Mai gonar ya sallame ni cikin mutunci, ya ce in je in huta.

Yanzu igiya nake tufkawa a ƙofar gida, matata tana sayar da ƙosai. Akwai ranakun da nake wuni lafiya, har a yi hira da ni. Ba na dogara da su. Kwanan baya mutanen ƙauyenmu suka zo, suna shawarar komawa kafin shuka. Suka tambaye ni ko a sa da ni. Na ce su ba da gonata ga wanda zai iya.