Labaran da Hafsatu Take Ba Lukuman

Hafsatu 'yar wani ƙauye ce da ke bayan Kekun Waje, a ƙasar Bungudu. Can aka haife ta, can ta yi aure, ta haifi 'ya'ya biyar, uku suka rayu. Mijinta Lukuman manomi ne, yana noma dawa da gero, yana da shanun huɗa biyu. Shi ne mai surutun gidan. Ita aikinta kawai take yi.

Shekara huɗu da suka wuce, da damina, ɓarin jikinsa na dama ya shanye yana tsakiyar gona. Aka kai shi asibiti a Gusau. Suna sati na uku a can 'yan bindiga suka shiga ƙauyen, suka kora shanu, suka ƙone rumbuna, mutane suka watse. Da aka sallame shi babu gidan komawa, sai ƙaninsa Sama'ila, mai lodin hatsi a kasuwar Gusau, ya ba su ɗaki ɗaya.

Bakin Lukuman ya karkace, ba ya iya magana. Likita kuma ya ja kunne kada a gaya masa abin da zai tayar masa da hankali. Kullum da safe idan Hafsatu ta goge masa jiki ta ba shi koko, sai ya buga tabarma da hannun hagu yana kallon ƙofa. Ta san gida yake tambaya. Ran farko ta ce masa dawa ta yi kyau. Washegari ta ce maƙwabcinsu Mu'azu ne yake kula da shanu. Daga nan abin ya zarce: wance ta haihu, wane ya sake rufin ɗaki, an yi girbi lafiya. Wata uku tana haka, shi kuma yana cin abinci.

Abin ya fara damunta duk lokacin da ta tsaya sallah. Akwai wata Malama Sa'adatu da ke karantar da matan aure a unguwar. Hafsatu ta jira har mata suka tashi, sannan ta matsa kusa.

"Malama, kullum ƙarya nake yi wa maigidana, sannan in tashi in fuskanci alƙibla. Ina matsayina?"

Malama ta saurari komai, ta ce, "Ilimina bai kai in yanke miki hukunci ba. Amma ƙarya daban, labari daban. Ki faɗa mishi gaskiya sau ɗaya, a hankali. Bayan nan duk abin da kika ba shi, ya san labari ne."

Ranar Juma'a da hantsi ta faɗa masa. Bai yi motsi ba har ta gama, sannan ya juya fuska bango. Kwana biyu ya ƙi abinci. Sallah kaɗai bai ƙi ba. Idan lokaci ya yi ta kawo dutsen taimama, sai ya miƙo hannu, ta kama masa, ya yi sallarsa a kwance. Hafsatu ta zaci ta kashe shi da bakinta, amma ba ta gaya wa kowa ba.

A rana ta uku ya buga tabarma.

Ta zauna ta ce, "Malam, wanga bai faru ba. A ce dai muna gida." Ta ba shi labarin wata safiya da ya kai shanu rafi, jan san nan mai ɗingishi ya ƙi shiga ruwa.

Lukuman ya yi ta kokawa da harshensa, can ya ce, "Fari."

Gaskiyarsa ne, farin ne mai ɗingishi, mantuwa ta yi. Kalmarsa ta farko ke nan cikin wata huɗu.

Daga ranar ta riƙa yin kuskure da gangan. Ta ba Mu'azu gonar da ba tasa ba, ta mayar da tsamiyar bakin masallaci ƙofar wani gidan, shi kuma yana gyarawa, wani lokaci da fushi. Kafin shekara yana haɗa magana, ko da yake a hankali. Ƙafar dai ba ta tashi ba.

Ya ƙara shekara biyu, ya rasu bayan ƙaramar sallah. Hafsatu ta yi takaba a Tsafe, wajen 'yarta Rabi da ke aure can, sannan ta dawo Gusau. Yanzu awara take soyawa kusa da tasha, kuma matan da suka baro ƙauyukansu sukan zauna a bencinta su daɗe suna hira.

Ƙauyen har yanzu babu kowa. Sama'ila ya leƙa bara, ya ce ciyawa ta rufe bakin rijiya. Hafsatu ba ta je ba. Ta ce bayanta ba ya ɗaukar doguwar tafiya a babur.